Jan Farce a Ƙahon Raneye

Hantsi ya fara ɗagawa, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, gari ya yi sanyi ƙalau, ƙasa sai ƙamshi take yi. A rugar Bappa Kabir, can bayan Yammedi, an gama tatsa, ana shirin kwance shanu a fita kiwo.

Bappa ya zo kan Raneye, farar saniyar nan mai dogon ƙaho, ya sunkuya zai kwance ta, sai ya tsaya cak. Igiyar ta suɓuce daga hannunsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Adda Zuwaira! Zo ki gani!"

Goggo Zuwaira, yayarsa, ta fito da ludayi a hannu tana gyara ɗankwali. Tana ganin abin da ya gani ta dafe ƙirji.

Ƙahon Raneye na dama, tun daga gindi har tsini, an jera masa zane ƙanana-ƙanana, kowanne kamar faɗin ɗan yatsa. Ga ja, ga ruwan hoda, ga ruwan goro, ga shuɗi, ga wani mai duhu kamar makuba. Wasu suna sheƙi, wasu sun yi dishi-dishi. Na can tsinin kuwa, da rana ta taɓa shi sai ya hau ƙyalƙyali.

Bappa ya tsinko jiƙaƙƙiyar ciyawa ya murza. Ko gezau.

"Kar ka ƙara taɓawa!" in ji Goggo. "Ruwan sama ya kwana yana dukansa bai fita ba, kai kana ganin aikin banza ne? Kabiru, wannan asiri ne."

"Asiri kuma? Wa na tare wa hanya?"

"Ba kai aka nufa ba. Duk garken nan saniyar wa aka zaɓa?"

Raneye ta Nuriyya ce, 'yar ɗan'uwan Bappa, mahaifinta ya ba ta tun tana maraƙa, kafin Allah ya karɓi ransa.

"To wa yake neman yarinyar nan kamar zai mutu?" Goggo ta ci gaba. "Wa aka ce ya dakata da zuwa zance? Yaron nan manomin gyaɗa. Ya ga baki bai ba shi ba, ya koma wajen malaman tsibbu. Na faɗa maka tun farko!"

Goggo ta san jan farce, amma ja kawai ta sani, shi ma a hannun 'yan matan birni. Ko a mafarki ba ta taɓa kawo shi a ƙahon saniya ba.

Fuskar Bappa ta canja.

"A aika a kira mini Lukumanu. Bayan azahar nake son ganinsa a nan. In har hannunsa ne, wallahi ya gama taka rugar nan."

* * *

Duk abin nan a kunnen Nuriyya. Tana cikin ɗaki ta haɗa kai da gwiwa, hawaye suna bin kumatunta.

Bappa, ƙanin mahaifinta, shi ya riƙe ta, kuma ya yi alkawari ba zai yi mata dole ba. Amma bai yi alkawarin zai ba ta duk wanda ta kawo ba. Da Lukumanu ya fito, Bappa ya ce yaron yana da ladabi, sai dai ba shi da ko akuya, bai san komai ba sai gonar gyaɗa. Goggo kuwa ɗanta Mujahid take so a ba, mai shagon waya a Karaye. Sai Bappa ya ce Lukumanu ya dakata da zuwa, zai yi shawara.

Shawarar ce ba ta ƙare ba har yau. Ga kuma abin da ya faɗo a tsakiyarta.

Jiya warhaka Nuriyya dariya take yi.

Ita ce mai lallen amare a wannan yankin, har daga Rogo ake aiko mata. To ƙawarta Saude za a kai ta Beli, ta ce lalle kaɗai ba zai ishe ta ba, tana son jan farce ranar ɗaukar hoto, a sa bayan azahar a goge kafin la'asar. Nuriyya ba ta taɓa sa wa kowa ba. Ta faɗa wa Lukumanu a waya, shi kuma ranar kasuwar Karaye ya je gaban mai kayan kwalliya ya tsaya yana sosa ƙeya. Da aka tambaye shi wane kala, ya ce shi dai mai kyau. Da aka ce duk masu kyau ne, ya ce to a ba shi duk.

A bakin rijiya ya miƙa mata ledar, bai ko sauka daga babur ba.

"Mai shagon ya ce wannan mai sheƙi ne, wannan ba ya sheƙi, wai da gangan aka yi shi haka. Ni dai na ce ya rage mini kuɗin wanda ba ya sheƙin, tunda bai ƙarasa ba."

Ta yi ta dariya har ta kusa sakin guga.

Matsalar ita ce inda za ta gwada. A farcenta ba zai yiwu ba, tana salla, ruwan alwala ba ya ratsa shi. Goggo kuma ta sha faɗa cewa ranar da ta ga jan farce a gidan nan, ranar sana'ar lalle ta ƙare. Nuriyya ta gwada a bayan ƙwarya, ƙwarya ta shanye. Ta gwada a cokali, ya zame. Da yamma ta lallaɓa bayan garke tana tunani, sai Raneye ta zo tana shinshinar ledar, ta ɗora mata kai a cinya kamar yadda ta saba. Nuriyya ta shafa ƙahon, ta ji shi sumul, sak farcen mutum.

"Tsaya, amarya," ta ce mata. "Yau ke ce Saude."

Saniya ta tsaya tana tuƙa, Nuriyya tana shafawa ɗaya bayan ɗaya, tana hurawa, tana ja da baya ta karkata kai ta duba. Ta gane ruwan hoda sai an maimaita shi kafin ya fito. Ta gane marar sheƙin ya fi saurin bushewa. Ta ce bari ta bar su su kwana, ta ga wanda ruwa zai ɓamɓare, da sassafe ta goge kafin kowa ya tashi.

Da sassafen ne Goggo ta tsare ta da dakan fura.

Yanzu ga shi har wayarta Goggo ta ƙwace, wai kada a ƙara turo mata wani abin ta iska.

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Mujahid ne, ya tsaya daga waje ya jingina da bango.

"Nuriyya, Raneye ta yi kwalliya fa. Shuɗin nan ya karɓe ta."

Ta ɗago da sauri. "Hamma, ashe ka gane?"

"Shagona yana kallon na masu kayan kwalliya, ta yaya ba zan gane ba?"

"To ka faɗa wa Bappa mana! Ka ce ba asiri ba ne. Don girman Allah, Hamma."

"In na ce jan farce ne, za a ce wa ya shafa. Kin shirya rabuwa da lallenki?"

Kuka ya ƙwace mata. "Bawan Allahn nan bai san komai ba. Ni na roƙe shi ya sayo mini. Za a ɓata masa suna a banza, gobe duk Yammedi a ce Lukumanu mai asiri ne. Uwarsa ta ji da me?"

Mujahid ya kau da kai. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni fa? Ni wa ya tambayi yadda nake ji? Tare muka tashi, tun kina bin maruƙa da gudu nake sonki. Ban ƙulla masa komai ba, Nuriyya. Ban kuma ce zan yi masa ƙarya ba. Shiru kawai zan yi."

"Shirun naka ne zai raba mu."

"To sai me in ya raba ku? Ni ba mutum ba ne?"

"Mutum ne kai, Hamma, yayana ne kuma. Amma ko an kore shi yau, wallahi gobe ma yayana za ka wayi gari."

Ya ɗago daga jikin bangon. Can ya juya ya tafi.

* * *

Bayan azahar Lukumanu ya iso. Tunda aka ce Bappa ne da kansa yake kira, ya ɗauka shawara ce ta ƙare. Ya yi wanka, ya sa shaddarsa ta Sallah, ya ɗauro ɗanyar gyaɗa a bayan babur. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ɗaga masa hannu.

A gindin ɗorawa ya tarar da su. Bappa a kan buzu, Goggo a kan tabarma can gefe, Mujahid a tsaye. Raneye a ɗaure kusa da su, ita kaɗai ba a fita da ita kiwo ba.

Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsugunna.

"Barkanku da rana, Bappa. Mun same ku lafiya? Ya ruwa? Ya dabbobi?"

"Lafiya," in ji Bappa a taƙaice. "Ɗaga kanka ka dubi saniyar can."

Lukumanu ya duba. Ya ƙara dubawa. Ga ruwan hodar da ya zaɓa da hannunsa. Ga marar sheƙin da ya nemi ragi a kansa. Ga mai ƙyalƙyali a tsini, Raneye tana kaɗa kai kamar ta san ta yi kyau.

Dariya ta taso masa tun daga ciki, ya cije leɓe da ƙarfi.

"Kun gani ko? Murmushi ma yake yi!" in ji Goggo.

A lokacin ya hango ido ta ɓular zanan da ya kewaye gidan. Idon ya yi ja, ya kumbura. Nan take dariyar ta koma. Ya tuna abin da Nuriyya ta taɓa gaya masa game da Goggo da jan farce.

"Ba zan sa ka rantse ba," in ji Bappa. "Tambayarka kawai zan yi. Ka san abin nan?"

"Na san shi, Bappa."

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta tafa hannu.

"Ni na kawo shi. Amma Allah shi ne shaidata, ba asiri ba ne. Ni ko layar wuya ban taɓa ratayawa ba."

"To mene ne?"

Lukumanu ya sunkuyar da kai. In ya faɗi sunan abin, ya faɗi sunan mai shi.

"Na ce mene ne? Kuma hannun wa ya shafa shi?"

"Bappa, ku yi mini haƙuri. Ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama. Wannan kam bakina ba zai iya ba."

Bappa ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi Mujahid. "Kai da kake zaune a gari, ka taɓa ganin irin wannan?"

Mujahid ya zuba ido a ƙasa, bai amsa ba.

"Shi ke nan," in ji Bappa a hankali. "Lukumanu, ban taɓa jin mugun abu a kanka ba sai yau. Amma ba zan ba da 'yar ɗan'uwana inda ake ɓoye mini magana ba. Ɗauki takalmanka. Kada in ƙara ganin—"

"Bappa!"

Kowa ya waiwaya.

Nuriyya ce ta fito, mayafi har goshi, leda a hannu. Tunda take ba ta taɓa tsayawa gaban Bappa ba alhali mai nemanta yana wurin. Ta zo ta durƙusa, ta zazzage ledar a kan tabarma. 'Yan kwalabe suka gangaro, ɗaya ta tsaya a ƙafar Goggo.

"Ni ce, Bappa. Jan farce ne. Na bikin Saude ne, ni na ce ya sayo mini, ya miƙo mini a bakin rijiya. Bai ma san na shafa wa Raneye ba, yanzu yake gani."

"Jan me?" in ji Bappa.

"Farce. Na kwalliyar mata."

"Ke, shuɗi ne fa a can. Ja kuma shuɗi?"

"Haka ake kiransa ko wane kala ne, Bappa."

Ta tashi ta ɗauki auduga, ta jiƙa da ruwan wata farar kwalba, ta je ta dafa wuyan Raneye. Shafa ɗaya, biyu, shuɗin ya koma jikin audugar, ƙaho ya fito fes.

Bappa ya miƙe ya matso. Ya karɓi audugar ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ya sa yatsa ya taɓa wurin.

"Ikon Allah. Goge na tsinin nan in gani."

"Mai ƙyalƙyalin taurin kai gare shi, sai an ɗora audugar ta jima."

"Wannan fa, me ya sa ya mutu? Ya lalace ne?"

"A'a, haka ake yinsa, ba ya sheƙi."

"Kuma da kuɗi aka saya?"

"Wallahi, Bappa, ni ma abin da na ce ke nan," in ji Lukumanu daga inda yake tsugune, sannan ya yi sauri ya rufe bakinsa.

Goggo ta dawo cikin hayyacinta. "Ai gara asirin! Jan farce a gidan nan? Abin da yake hana alwala? Me na ce miki, Nuriyya? Me na ce zai faru ranar da na gan shi?"

Nuriyya ta miƙa mata hannayenta biyu. Babu komai a faratan sai jan lalle.

"Shi ya sa ban sa a nawa ba, Goggo. Ko sau ɗaya. Raneye kuwa ba ta salla."



Sai kafaɗun Bappa suka fara motsi. Ya kawo gefen rawani ya rufe baki, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har ya dafa bayan saniyar, hawaye yana fito masa.

"Ba ta salla! Adda, kin ji? Tun safe na hana ta kiwo, na tofa mata addu'a ta fi a ƙirga, har rubutu na aika a yi mata. Ashe amarya ce!"

"Inna, gaskiya ta faɗa," in ji Mujahid. "Jan farce ne. Tun da safe na gane."

Goggo ta juyo. "Ka gane ka bar ni ina ta rantse-rantse?"

Bappa ya dubi Mujahid, kallo ɗaya.

"Ni dai na faɗa," in ji Goggo, muryarta ta ragu. "Lalle ya ƙare."

"Wa ya yi miki wanda yake ƙafarki?" in ji Bappa.

Goggo ta ja zani ta rufe ƙafafunta.

Bappa ya koma wajen ƙahon, ya haɗa hannu a baya yana dubawa kamar mai tayin sa a kasuwar shanu.

"Wanne kika zaɓar wa ita Sauden?"

"Ina tsakanin ruwan hoda da shuɗi, Bappa."

"Shuɗi? A ce an buge mata yatsa da taɓarya? Sa mata ruwan goron nan. Shi zai zauna da lalle."

"Ruwan hodar ya fi," in ji Goggo ƙasa-ƙasa, tana kallon wani wajen.

Nuriyya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ba a san ko kuka take ko dariya ba, ita ma ba ta sani ba.

Bappa ya koma kan buzunsa ya zauna, ya share ido, ya gyara rawani. Fuskarsa ta dawo ta manya.

"Lukumanu."

"Na'am, Bappa."

"Na ce ka dakata da zuwa, ka bi ta bakin rijiya. Wannan laifi ne."

"Laifi ne, Bappa. Ku gafarce ni."

"Na kore ka, ka tashi za ka tafi da sunan mai asiri, ba ka buɗe baki ba." Ya nuna Raneye. "Saniyar nan ba tawa ba ce. Duk inda mai ita ta tafi, can za ta bi ta. Kana da wurin ɗaure saniya?"

Lukumanu ya ɗago, bakinsa a buɗe. "A'a, Bappa... wato... akwai fili a bayan ɗakina. Zan kafa turke. Yau ɗin nan zan kafa!"

"Ka yi mata rumfa, ba ta son rana. Kuma harawar gyaɗar nan taka, kada ka sayar da ko ɗauri ɗaya bana."

"Ba zan sayar ba!"

"To ka ce wa manyanka ina gida ranar Juma'a."

Nuriyya ta zabura ta yi cikin gida da gudu, ta bar kwalaben a warwatse. Daga can bayan zana aka ji guɗar wata daga cikin matan ruga, wata ta karɓa. Goggo ta yi tsaki, ta sunkuya tana tattara kwalaben a gefen zaninta. Da ta zo kan ruwan hodar, sai da ta ɗaga ta a rana ta duba.

Lukumanu ya rasa irin godiyar da zai yi. Ya yi ta Hausa, ya jaraba 'yar Fillancin da ya koya, ta karye masa a baki, Bappa ya ce ya tashi ya tafi kafin ya ɓata musu yare. Ya sauke gyaɗar, ya sa takalmi a juye, ya hau babur.

Bai yi nisa ba, inda hanya ta gangara wajen fadama, taya ta nutse a taɓo, injin ya mutu. Ya buga, ya ƙi. Ya sake bugawa, ya ƙi. Shaddar Sallah duk ta yi faca-faca da laka, shi kuwa murmushi ya ƙi barin fuskarsa.

Sai ya ji an dafa babur ɗin ta baya.

"Sa giya ta biyu," in ji Mujahid. "In ya tashi kada ka tsaya, zai sake mutuwa."

Ya naɗe ƙafar wando, ya shiga taɓon, ya tura. Babur ya fita, ya yi tari, ya kama. Lukumanu ya wuce yana ƙara wuta, bai samu ko waiwayowa ba sai da ya hau tudu.

Kafin nan Mujahid ya juya, takalmansa a hannu, yana komawa ruga.